Ranar da Kwamfutar Alhaji Gwadabe Ta Ƙone

Alhaji Gwadabe ya faɗo ofishin 'yan sanda na Haɗejiya yana jan wata budurwa da hannun riga, kamar ya kamo akuya a gonar shinkafa.

"Sufeto, ku rufe min ita! Ta kashe min kwamfuta!"

Sufeto Sama'ila ya tsani mai ƙara da ke yanke hukunci tun daga gida. "Sakar mata riga tukuna, Alhaji."

Shagon buga takardu Alhaji yake da shi a bakin kasuwa, budurwar kuwa Dibora ce, mai yi masa aiki. Kwamfutar tsohuwa ce, kafin ta buɗe sai mutum ya gama shan shayi. Watan jiya wani mai gyara, Luka, ya zo daga Kano ya canja mata furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, ta koma gudu. Yau Litinin ana kunnawa sai hayaƙi. Alhaji ya rantse sai Dibora ta ga gidan yari.

Sufeto ya dubi Dibora. "Makullin shago a hannun wa yake?"

"Ni kaɗai, yallaɓai," in ji ta, kanta a ƙasa. "Ban ba kowa ba."

Sufeto ya je shagon, ya tarar ba a fasa ƙofa ba. A baranda akwai wani dattijo, Malam Hamman, zaune gaban tafiretarsa, babu ko mutum ɗaya a bencinsa. Sufeto ya dafa teburin zai yi tambaya, teburin ya karkace har takardu suka zube.

"Ranka ya daɗe, ni ban ga komai ba. Ina ni ina wannan na'ura?"

Washegari aka kira Luka, ya kwance kwamfutar a gaban kowa. Yana leƙawa ya daka tsalle.

"Wannan ba wadda na sa ba ce! Tsohuwar ce aka mayar. Dubi haƙoranta, sun lanƙwashe aka miƙe su da allura. Dole ta ƙone!"

"To kai ne ɓarawon!" Alhaji ya yi kansa.

"Ni? Tsohuwar a hannunka na danƙa maka ita, yadda bakanike ke ba mai babur tsohon fulogi!"

Sufeto ya daka musu tsawa. "Alhaji, ina ka kai ta?"

Alhaji ya sosa ƙeya. "Malam Hamman ya roƙa. Teburinsa na rawa, ya tokare ƙafar da ita."

Sufeto ya tuna da takardun da suka zube jiya. Ya juya wurin Dibora rai a ɓace. "Ke, kotu ake shirin kai ki. Wa kike ba makulli?"

Ta fashe da kuka. "Baba Hamman ne. A ciki yake ajiye tafiretarsa. Ran Lahadi in zan tafi coci nakan bar masa, don kada ya rasa aiki. Alhaji ya hana, shi ya sa na ɓoye."

Suka fito baranda. Sufeto ya girgiza teburin da yatsa ɗaya.

"Malam, ina abin da ke tokare da ƙafar nan?"

Dattijon ya buɗe akwatin tafireta ya fito da sabuwar furosesa, naɗe a tsumma.

"Da kwamfutar tana jan ƙafa, manoman Auyo in sun gaji da layi wurina suke dawowa. Tun da aka sa mata wannan, sai in wuni ban buga harafi ɗaya ba. Na kalli yadda Luka ya yi, na ce zan iya. Wallahi ban so ta mutu ba. So nake ta koma yadda take."

"Kuma kana zaune a nan aka ja yarinyar da ta tausaya maka, ba ka ce uffan ba!" Sufeto ya juya wurin ɗan sandan da ya rako shi. "Kofur, tafi da shi."

Alhaji ya gyara babbar riga, ya dubi Dibora. "To, ke, gobe ki fito da wuri."

Ko haƙuri bai ba ta ba.

Hadari ya haɗo daga wajen kogi. Dibora ta rufe tafiretar tsohon, ta kai ta ciki kamar kullum, ta kulle shagon. Ta sa wa Alhaji makullinsa a tafin hannu, ta yi tafiyarta.