Maganin Da Ba Ya Wari

"Ruwan famfo ka ɗura min a jarka!"

Mai Kitso ta dire jarkar a kan kanta har kwalaben da ke jere suka girgiza. Shi kuwa Sannu-Sannu, mai shagon kayan tsafta, wanda duk layin ya san shi zai aure ta, sai da ya gyara zaman kwalaben nan tsaf kafin ya ɗago kai. Wannan sanyin jikin nasa shi ke kashe ta.

"Sanyin idona, me ya yi zafi?"

"Riƙe sanyin idonka! Yarinyar da na yi wa kitso ta fito da makero, uwarta ta zo ta wanke ni tas a gaban mutane, wai matazaina ne. Maganin kashe ƙwayoyin cutar da ka ba ni ko wari ba ya yi!"

"Kin wanke matazan da sabulu tukuna?"

Ta harare shi.

"Kin bar su sun jiƙa yadda aka rubuta a jikin jarkar, ko tsomawa kika yi kika cire?"

Tsomawa ta yi. Ina ta ga lokacin gadin mataji, mata sun cika benci? Amma ko za a yanka ta ba za ta amsa ba.

"Ba ni wancan mai jan murfin, mai ƙarfin."

"Ke dai ba zan sayar miki da shi ba."

"Dalili?"

"Ba a zaɓen magani da hanci. Ya kashe abin da ke kan matajin, kuma ya bar mai riƙe da matajin lafiya."

"Wa'azi na zo ji?"

Ta fice fuu, ta bar masa jarkarsa.

Kafin ta isa gida labarin ya riga ta. Mai Turare, maƙwabciyar shagonta, wadda kullum sai ta sami abin saye a wajen Sannu-Sannu ko da tsintsiya ce don ita ma tana son sa, ta je ta fesa wa Mama, mahaifiyar Mai Kitso, komai har da ƙari.

"Tsafta a hanci ake jin ta," in ji Mama. "Mutumin da ya fara cutar ki tun a waje, in kin shiga gidansa fa? Ki ce ya dakata da turo magabatansa."

"Mama..."

"Na gama magana!"

Takaici ya cika ta. Tana son sa, so mai tsanani, shi ya sa ma ta ɓoye masa ciwon asmar da take fama da shi, don kada danginsa su ce ya kwaso majinyaciya. Ga shi yanzu taurin kansa zai raba su a kan jarka.

Da safe Mai Turare ta leƙo da wata gora marar takarda a jiki, tana murmushi har kunne.

"Ƙawata, ga na gaske. Ki haɗa da bilic, ko aljani ba zai tsaya a matajinki ba."

Mai Kitso ta tura ƙofa, ta juye matazai a roba, ta tuttula wannan ta tuttula wancan. Wari ya tashi mai yanka hanci. Yauwa, ta ce a ranta, yau ga magani!

Sai idonta ya soma yaji.

Sai tari...

Ƙirjinta ya ɗaure tamau, numfashi ya koma fito. Ta miƙa hannu ga jakarta da ke rataye, ƙafafunta suka ƙi kai ta.

Aka banko ƙofa.

Sannu-Sannu, wanda bai taɓa sauri a rayuwarsa ba, yau shi ne ya sure ta ya yi waje da ita, ya koma da numfashi a riƙe ya fizgo jakar. Bai yi lalube ba. Kai tsaye ya zuge ƙaramin zif na ciki, ya ciro abin shaƙarta na asma ya kai mata baki.

"Ja, masoyiyata... ja a hankali."

A asibiti, da numfashinta ya daidaita, ta zuba masa ido. Mama na gefe tana share hawaye.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da kika tambaye ni maganin da ba ya sa tari, kika ce wai don kwastomomi."

"Shi ya sa ka hana ni mai jan murfin?"

Ya gyaɗa kai.

"Da ka buɗe baki ka faɗa!"

"Jira nake ki faɗa min da kanki."

"Jira! Mataji jira, magana jira! Wallahi kai sai ka sa wa mutum hawan jini!"

Kuka take tana faɗa, kunya da daɗi sun haɗe mata. Ya ɗora wata leda a gefen gadon. Sababbin matazai ne fal.

"Su na kawo miki ɗazu. Kina aiki da waɗannan, waɗancan na jiƙa, ba mai jiran wani."

"Mai Turare fa?" ta tambaya tana cije baki.

"Na ji ita ta kai miki gorar nan. Ta zo sayen tsintsiya. Yarona ya ce mata sun ƙare, kuma ba za a sake kawowa ba."

Mama ta yi gyaran murya. Ta jawo jarkar jiya, wadda ya taho da ita tare da matazan, ta buɗe ta shinshina, ta yatsina fuska.

"Har yanzu ni dai ban ji komai ba."

"Haka yake, Mama."

Ta rufe murfin, ta tura jarkar ƙarƙashin kujerarta.

"Wannan ta gida ce, ka kai mata wata can shago. Magabatan naka kuma su zo. Amma don Allah, ɗana, kada su yi irin tafiyarka."