Anka a Ƙarƙashin Mariƙi

Da hantsi Insifekta Bara'u ya isa gidan da ke unguwar Cheetham Hill, can ƙasar Turawa. Wanda ya shigar da ƙarar, Alhaji Uba, ƙanin mamacin, shi ya buɗe masa ƙofa.

"Butar shayin yayana ce, ta azurfa. Mun zo haɗa kayan gado sai Hajiya ta ce wai an musanya ta. An ajiye mana jabu, ranka ya daɗe."

"Ina ya samo ta asali?"

"Ta mahaifinmu ce, tun daga Kano."

Hajiya Asama'u, matar mamacin, na zaune a kan darduma, butar a cinyarta. Idanunta sun yi rauni, sai da ya yi sallama ta juyo. Bara'u ya durƙusa ya yi mata gaisuwar rashi, ya bari ta gama share hawaye kafin ya tambaya.

"Hajiya, yaya kika gane ba ita ba ce?"

"Da yatsa, ɗana. Tun ina amarya nake zuba wa Malam shayi da ita. Nan ƙarƙashin mariƙi akwai 'yan tambura. Zaki, da kan wata mata, da anka, ƙugiyar nan ta jirgin ruwa. Babban yatsana a kan ƙugiyar yake zama. Ranar nan na shafa, na ji wani abu mai tsini-tsini."

"Daga Kano aka zo da ita?"

Ta karkata kai wajen da Alhaji Uba yake tsaye.

"Ta Catherine ce. Matar Malam ta fari, Baturiyar Birmingham. Ta rasu ta bar Daniel yana ɗan ƙarami, ni na raine shi."

Alhaji Uba ya kau da kai, ya ce wataƙila shi ya manta.

Washegari Bara'u ya ɗauki butar ya hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, ya nufi unguwar maƙeran zinariya da azurfa. A shago na uku ya tarar da wata dattijuwa mai suna Delight. Ta kifa butar, ta ɗora gilashin ƙara girma a ido.

"Zakin nan shi ne shaidar azurfa ce tsantsa," in ji ta. "Kambin nan kuma Sheffield yake nufi. Harafin da ke gefe yana faɗin shekara, wajen 1930 ke nan."

"Wadda ta ɓata anka ce da ita, da kan mace."

"To, a nan garin aka buga mata tambari. Kan kuwa na Sarauniya Victoria ne, an daina sa shi a 1890. Ta girme wa wannan nesa." Ta sauke gilashin. "Wannan ma ni na sayar da ita. Wani ne ya zo da hoto a waya, ya ce irinta sak yake so. Na ce masa tamburan sun bambanta, ya ce mai ita ba ta gani sosai."

Bara'u ya buɗe murfin, ƙamshin citta da kanumfari ya bugo shi. Wanda ya saya har shayi ya dafa a ciki don kada a ji bambanci. A jirgi yana komawa, abin bai bar ransa ba. Ɓarawo ba ya wahala haka.

Da la'asar ya tara su a falo. Daniel ya zo daga wurin aiki, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar Hajiya.

"Yaushe rabonka da Birmingham?" Bara'u ya tambaye shi.

"Years, officer. Na daɗe."

Bara'u ya ajiye butar a kan tebur. Alhaji Uba ya yi tsaki.

"Dubi aikin ɓarawo marar imani! Ya ɗauke azurfa ya bar wa makauniya gwangwani."

"Ba gwangwani ba ne!" Daniel ya ɗago a fusace. "Sterling ce, Baffa, azurfa tsantsa. Ni zan ba Umma jabu?"

Duk suka juyo suka dube shi. Bara'u ya gyara zama yana sauraronsa.

"Kun ce ba ni da gado, tunda coci nake zuwa," in ji Daniel. "Fine, ban yi musu ba. Amma na ji kuna cewa za a kai butar auction a yi gwanjonta. Ko hoton Mum mai kyau ba ni da shi. Butar tana flat ɗina, inda nake kwana, a naɗe cikin tawul. Ban ma iya buɗe ta ba."

Hajiya ta lalubo kansa ta dafa.

"Danliti, me ya hana ka tambaye ni?" Ta juya wajen Insifekta. "Na yafe. A bar mini yarona."

"Ba ke kika kawo ƙara ba, Hajiya," Bara'u ya faɗa a hankali. Ya dubi Alhaji Uba.

"Dukiyar magada ce," in ji shi, idonsa a kan kafet. "Ba ni da ikon yafewa."

Bara'u bai fito da ankwa ba. Ya dafa kafaɗar Daniel, suka nufi mota.

Hajiya ta biyo su tana bin bango har bakin ƙofa. Nan ta tsaya, don takaba ba ta bar ta ta taka waje ba.

"Insifekta," ta kira. "Daga aiki yake, bai ci komai ba."