Masakin Yashi

A can wani zamani, an yi wani tsoho mai goɗiya ɗaya tak. Ana tsakiyar bazara, jakin da ke kwaso masa yashin shimfiɗa a barga ya mutu. Tsoho bai zauna jimami ba. Ya ɗauki masaki, ya gangara busasshen kogi, ya ciko, ya dawo. Ya koma, ya ciko, ya dawo.

Maƙwabcinsa mai dawaki uku yana kishingiɗe a inuwa, ya ce, "Haba Baba, ko gajimare babu! Ka huta mana."

Tsoho ya ce, "Ɗana, kogi ba ya sallama in zai kawo."

Wuyansa ya sage, amma sai da ya tara tsibin yashi a rumfa.

Damina ta faɗi, kogi ya kawo, ruwa ya shafe yashi. Goɗiya tana kwana a busasshen wuri. Bargar maƙwabci kuwa ta zama taɓo, kofatan dawakinsa suka fara ruɓewa. Ya zo yana sunkuyar da kai, tsoho ya ɗibar masa yashi.

Da bazara ta zagayo, tsoho ya gangara kogi da sassafe, ya tarar da maƙwabci yana cika masaki.

Maƙwabci ya ce, "Baba, yau ka makara!"