Ruwan Zafi a Gindin Tsamiya

A wani hutun makaranta, Malam Abdulsalami ya kwashi 'yan sikawut ɗinsa, suka tako da ƙafa daga Karaye zuwa dajin Beli, kowa da jakarsa a baya. Tun a hanya yake nanata musu cewa laifin ɗaya na kowa ne, ba a tona asirin ɗan'uwa.

Bayan magariba Malam ya shiga ƙauye gaida mai gari. Bilya, mai girkin ranar, ya tsiyaye ruwan dankali mai zafi a gindin wata tsamiya, ko bisimilla bai yi ba.

Suna cikin ci sai kukan gyare ya ɗauke. Wata mata ta fito daga bayan tsamiyar da goyo, babu sallama. Ƙauri ya cika wurin.

"Samari, wa ya zubar da ruwan zafi a nan?" Muryarta kamar daga cikin rijiya.

Muntaka, shugabansu, ya dafa kafaɗar Bilya ya ce, "Mu duka ne, Inna."

Sauran suka amsa, "Mu duka ne."

Ta kwance goyon, ta ɗaga shi a hasken wuta. Fatar bayan jaririn ta saluɓe, tururi na tashi. Ƙafafunsa kuwa kofato ne.

"Mutum ɗaya na zo nema," in ji ta. "Amma tunda ku duka ne, madalla."

Nan take kowannensu ya ji gorar ruwan da ke rataye a ƙugunsa ta fara tafasa.