Kwale-kwalen da Aka Wanke

Da hantsi aka bugo wa ofishin 'yan sandan Pinewick waya cewa ga kwale-kwale yana yawo a tsakiyar Tafkin Loon, ba kowa a ciki. Kafin Sufeto Delphine Gauthier ta isa an jawo shi gaɓa, wani dattijo na tsaye a kansa. Sunansa Osip Kowalchuk. Kwale-kwalen na 'yarsa Marnie ne, wadda ta fita aiki tun jiya da safe ba ta dawo ba.

Kowa a garinmu ya san aikin Marnie. Ita ce mai shiga fadama da dogon takalmin roba tana leƙa ƙarƙashin kowane kututture, domin majalisar gari ba ta ba da izinin gini sai masana muhalli sun duba fili sun tabbatar ba za a danne wata halitta mai shirin ƙarewa ba. Bana Fadamar Tamarack take dubawa, inda wani kamfani ke son zuba gidaje. Fadamar tana gabas da gari, tafkin kuwa yana yamma.

Osip ya ce bai san abin da ya kawo ta nan ba. Sai ya dubi sama ya ce, "Sufeto, an ce yau sanyi zai daskarar da ruwa. In tana da rai, ba za ta kai gobe ba."

Delphine ta san gaskiya ya faɗa. Ta sha ciro mutane daga ruwan watan Afrilu mai tsananin sanyi a ƙasar nan, ba ta taɓa ciro mai numfashi ba, kuma tsoro ya kama ta sosai. Ta sa masu ninƙaya su shiga tafkin, ta sunkuya tana duba cikin kwale-kwalen. Tas yake, ko ɗigon taɓo babu, sai warin bilic, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, da ya doki hancinta.

Daga nan ta wuce wurin Gordon Vasko, mai kamfanin ginin, mutumin da in yana magana sai ka zaci da kurma yake yi. Ya rantse rabonsa da Marnie tun makon jiya. Delphine ta ce masu shagon kofi sun ji shi shekaranjiya yana buga tebur a gabanta. Nan take muryar ta sauka.

Ya ce Marnie ta gaya masa ta ga kififiya mai rawayan wuya a fadamar, irin wadda doka ta hana a taɓa mazauninta, kuma za ta sa a rahoto. "Gidaje ɗari su tsaya saboda abin da ko gudu bai iya ba!" Ya ce ya yi mata tsawa, ya kira shugabanta a wurin aiki, Dakta Pruitt, ya ce ya ja mata kunne, iyakarsa ke nan.

"Ka taɓa wanke kwale-kwale da bilic?"

Ya dube ta sheƙeƙe. "Abin da ke kwana cikin ruwa, wankin me kuma?"

Biri ya so ya yi kama da mutum, amma wannan ko motarsa ba ya wankewa. Rana ta fara karkata, masu ninƙaya suka ce har yanzu ba su ga komai ba.

Dakta Alden Pruitt ya tarbe ta a ofishinsa da murya mai sanyi, irin ta mutumin da bai taɓa taka tururuwa ba. Ya ce jiya wuni ya yi a kan tebur, kuma Marnie yarinya ce mai zumuɗi, wataƙila kififiya ta gari ta gani. A bakin ƙofar baya Delphine ta hangi baho da buroshi da jarka, da takalman roba an kife su suna bushewa. Ta tambaye shi na mene ne.

Nan fuskarsa ta washe, malami ya sami ɗaliba. Ya ce ƙa'idar sana'arsu ce: duk abin da ya shiga wani ruwa, ba ya shiga wani sai an wanke shi da bilic, don kada a ɗauki cutar kwaɗi daga nan a kai can. Ya ce ai shi ke nan, Marnie ce ta wanke kwale-kwalenta ta tafi tafkin da kanta.

Delphine ta fita waje ta kira Osip. Dattijon ya ce sam. Marnie tana da ciwon asma, ko an buɗe bilic a ɗaki sai numfashinta ya sarƙe. Da tafasasshen ruwa take wanke kayanta, ta shanya a rana.

Ta koma ciki ta rufe ƙofa. Iskar waje ta riga ta fara sanyi.

"Dakta, Vasko bai san ana wanki ba. Marnie ba ta iya taɓa bilic. A garin nan saura wa?"

Ta matso kusa da shi.

"Miƙo hannun rigarka."

Bakin hannun rigar duk ya yi ɗige-ɗigen fari. Ya zauna daɓas. Sabo turken wawa.

Ya ce ya yi wa Vasko alkawarin rahoto mai tsabta, in ya saɓa ofishinsa ya mutu. Shi ya sa yake kwashe kififiyoyin a buhu yana sakin su a tafki. Jiya Marnie ta rutsa shi da buhun a hannu, suka yi ja-in-ja, ta faɗa tsakanin itatuwan da suka zube, ƙafarta ta karye. Ya ɗauke wayarta, ya kai kwale-kwalenta tafki ya sake shi, don a je nemanta inda ba ta nan.

"Ban ma san na wanke shi ba," in ji shi. "Hannuna ne ya yi. Ba na iya sa taɓon fadama a tafki."

"Ka tausaya wa kwaɗi, ka bar mutum a ruwa. Tana magana lokacin da ka tafi?"

Ya sunkuyar da kai. "Tana kiran sunana."

"Ina ka bar ta?"

Ya ce a fadamar, bayan tsohuwar madatsar ruwa, ta arewa. Delphine ta faɗa a oba-oba, ta sa masa ankwa, suka zauna jira. Ba ta taɓa jin jira mai tsawon wannan ba. Hasken taga na ta raguwa, ita kuma tana tunanin abin da za ta gaya wa Osip.

Da oba-oban ta yi ƙara, ta fita da ita baranda ta saurara. An sami Marnie rabin jikinta a ruwa, ta rungume wani kututture har sai da suka ɓamɓare yatsunta. Tana numfashi.

Kofur biyu suka iso, suka fito da Pruitt. A bakin mota ya turje, ya waiwayo.

"Sufeto, don Allah. Tana da rai?"

Delphine ta dube shi. Marnie ta kwana tana kira ba a amsa ba.

"Ku tafi da shi," ta ce, ta juya ta danna lambar Osip.