Ɗiyar Baƙo

"Ran Alhamis, Kyauta."

Kwanon tuwon da ke hannunta ya nemi suɓucewa. Ta dafe shi da ƙirji, ta ƙura wa mahaifinta ido ta tsakanin ƙarafan taga.

"Wace Alhamis, Baba?"

"Wagga mai zuwa. Sun ce mota za ta kai mu Ɗan Issa, a tsallakar da mu iyaka."

"A tsallakar da kai ina? Wa gare ka can?"

Abarshi ya sunkuyar da kai. Ba shi da kowa can, ita ma ta sani. Ƙauyen da ya girma cikinsa a ƙasar Katsina 'yan bindiga sun tashe shi tun bara waccan, ko kaza ba ta saura ba.

Kwana huɗu ke nan da jandarmomi suka same shi bakin tafkin Madarumfa yana ɗinkin taru, suka ce ya nuna katin ɗan ƙasa. Ina ya gan shi? Shekara talatin yana su a tafkin nan, kifi bai taɓa tambayarsa takarda ba. To amma zamani ya juya, an tsananta bincike a bakin iyaka, kuma wani bakin ya riga ya kai labari cewa baƙo ne.

"Kar ki yi kuka, ɗiyata," ya ce. "Ki zauna ki yi aurenki."

"In an kai ka, ƙafata ƙafarka."

Da gaske take. Uwarta ta rasu tun tana goye, shi ya yi mata uwa ya yi mata uba, ga idanunsa sun fara hazo. Ta miƙa masa kwanon ta ƙarƙashin ƙofa, ta fito tana jin kamar ita aka kulle.

Saurayinta Shamsu na tsaye gindin dogon yaro, jikin kamiyon mahaifinsa, babbar motar kayan da yake ja tsakanin Maraɗi da Ɗan Issa. Yana ganin fuskarta ya san babu daɗi.

"Sanyin idona... mi sunka ce?"

"Alhamis."

"Ba za a yi ba."

"Shamsu, ka je ka bi maganar Hajiya. Ni tafiya zan yi."

"Ki tafi ki bar ni da wa?"

"Da Hafsa mana. Ai ta share maka hanya."

Bai musa ba, don garin nan kaf an san bakin da ya kai labarin. Hafsa ɗiyar kawunsa ce, ta daɗe tana ɗinkin zanen amarci a zuci. Ita kuwa Hajiya Zulai, mahaifiyarsa, tun ranar da ya ambaci Kyauta ta kafa ƙafa ta ce ɗanta ba zai auro ɗiyar wanda ba shi da asali ba. Da aka kama Abarshi sai ta samu abin faɗa, ta aika a dakatar da maganar gaisuwar iyaye.

"Ki dube ni," ya ce a hankali. "Ko bangon duniya anka kai ki, kamiyon nan ya san hanya. Amma ba inda za ki."

Mutanen Madarumfa dai sun yi abin a yaba. Ran Talata ba wanda ya sa jirgi a ruwa. Sarkin ruwa ya jawo masunta, mata masu suyar kifi suka kife kaskonsu, liman ya zo da kansa, aka cika ƙofar gidan jandarmomi aka zauna a rana. An rubuta takarda, wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa, har tawada ta ƙare.

Kumandan ya fito ya saurare su tsaf, mutum ne mai kunya.

"Na ji, mutumen kirki ne," ya ce. "Amma kirki ba takardar haihuwa ba ne. Kun ce nan ƙasar anka haife shi, bayan Gabi. Na aika har ƙauyen. Tsofaffi bakwai munka tambaya, duk bakinsu ɗaya, sun ce baƙo ne. Tsohuwar da kuke cewa uwarsa ce, ita ta fi kowa rantsuwa."

Sarkin ruwa ya dubi liman, liman ya dubi ƙasa, don kowa ya san dalili.

Tsohuwar, Iya Inde, wabi ta yi. 'Ya'ya huɗu ta binne, ba wanda ya kai yaye. Mutanen ƙauyensu masu bin al'adar kaka da kakanni ne, a wurinsu abin da ke cinye 'ya'yan mace yana da kunne, yana bin sunan uwa ne ya gano ɗa. Da ta haifi na biyar aka tsaga masa kunnen hagu, aka sa masa Abarshi, kwana bakwai aka miƙa shi ga wata mai sayar da daddawa ta tsallaka da shi ƙasar Katsina. Dangi suka yi rantsuwa gindin tsamiyar gidan cewa har abada ba mai cewa nasu ne. Ya girma can, ya musulunta can, ya dawo da ƙafarsa yana saurayi. Duk kaka yana kai mata busasshen kifi, ta karɓa ta ce, "Sannu, baƙo." Shekara hamsin da biyu suna ɓoye shi don ƙauna, ga shi ƙaunar ta kai shi bayan ƙarfe.

Ran Laraba da hantsi Shamsu ya ɗauki Kyauta suka nufi ƙauyen. Sun tarar da tsohuwar zaune bakin rumbu tana ɓarar gyaɗa, ta ƙanƙance kamar yarinya.

"A'a, ɗiyar baƙo ce? Wanga dogon hwa, mijin ne?"

Kyauta ta zube gabanta, ta kama ƙafafunta.

"Iya, gobe za a tafi da shi. Kalma ɗaya ake so ki hwaɗi."

Hannun tsohuwar bai daina ɓara ba.

"Ban san shi ba."

"Iya..."

"Na ce ban san shi ba. Ke yarinya ce, ba ki taɓa wanke ɗa ki naɗe shi cikin tsumma ki ba maza su fita da shi ba. Ni sau huɗu. Gara shi rayu nesa da in kira shi shi mutu kusa."

Kyauta ta saki ƙafafun tsohuwar. Ta ina za ta ɓullo wa matar da ke ƙin ɗanta don kada ta rasa shi? Gaba babu hanya, baya babu, sai hawaye.

Shamsu ya durƙusa, ya cire hularsa.

"Iya, ni direba ne, na san wajen da za a kai shi. Ba rayuwa can. Gidajen an ƙone, rijiyar ta rufta. Mutum mai hazon ido, in an sauke shi kan hanyar nan, ban ba shi wata guda ba. Abin da kike gudar mashi, can shike zaune shina jira."

Gyaɗar ta tsaya a hannunta. Ta daɗe tana kallon tsamiyar.

"Ku tashi ku ba ni wuri," ta ce.

Haka suka dawo ba tare da biyan buƙata ba.

Alhamis ta zo. Kyauta ta ɗaure 'yan kayanta a zane ɗaya, ta ja ƙofar gidansu. Ƙofar jandarmomi ta cika fiye da ran Talata, mota na tsaye tana huci. Har Hajiya Zulai ta zo, ba don Abarshi ba, don ta ji ɗanta ya rantse zai bi motar, ta zo ta tare shi. Aka fito da Abarshi yana laluben hanya, Kyauta ta je ta riƙe hannunsa.

Sai ga amalanken shanu ya kunno kai daga hanyar Gabi, tsofaffi bakwai a kai, da wata 'yar tsohuwa a tsakiyarsu. Tun asuba suka taso.

Aka sauko da Iya Inde. Ta ratsa mutane da sandarta, ba ta dubi kowa ba, ta tsaya gaban kumandan.

"Kai ne babba nan?"

"Ni ne, Iya."

Ta miƙa hannu ta kama kunnen Abarshi, mai tsagar nan, kamar yaron da ya yi ɓarna.

"Wanga tsaga gabana anka yi ta. Cibiyarshi tana gindin tsamiyar gidanmu, in kuna so ku je ku tona." Ta dubi Abarshi. "Ɗana ne. Ni na haife shi."

Sannan ta ɗaga kai sama, ta yi magana da mai cinye 'ya'yan nan, wadda ba kowa ke gani ba.

"Kin ji dai, na hwaɗi. In zuwa za ki yi, ga ni, kin san ɗakina. Shi ki bar shi."

Abarshi, ƙato mai furfura, ya durƙushe cikin rairayi yana kuka kamar an yaye shi yau.

"Inna..." ya ce. Bai taɓa faɗa mata kalmar ba, har ta yi masa nauyi a baki.

Wadda ta fara isa wurin tsohuwar ta tallafe ta, Hajiya Zulai ce. Kyauta ta ga hawaye na bin kwallinta. Ashe ita ma biyu ta binne kafin Shamsu, ba ta dai faɗa.

"Ashe da asalinku," ta ce da Kyauta. "Kwance ƙullin kayan nan, ɗiyata, kin ji. Ki yafe mani."

Kumandan ya sa aka kashe mota. Aka mai da magana gaban alƙali, tsofaffi bakwai suka warware rantsuwarsu ɗaya bayan ɗaya, kafin wata ya mutu takardar haihuwa ta fito. Hafsa kuwa ta tafi ganin dangi a garin Sarkin Yamma, ganin da har yau bai ƙare ba.

Bayan an yanke gero aka ɗaura aure. Ranar da aka kai Kyauta, Shamsu ya leƙa ƙarƙashin mayafinta yana murmushi.

"Ɗiyar baƙo, an iso?"

"Jikar Inde dai," ta ce. "Gyara bakinka, masoyi."

Iya Inde ba ta koma ƙauye ba, gidan Abarshi ta tare. Kuma abin da ta riƙe shekara hamsin da biyu sai ta sake shi gaba ɗaya, har maƙwabta suna dariya.

"Ɗana, miƙo mani ruwa." Ga randa kusa da hannunta.

"Ɗana, rana ta yi."

"Ɗana."

"Na'am, Inna, mi kike so?"

"Ba komi. Kira dai na yi."

Kwana arba'in da ɗaya bayan bikin, da hantsi, Kyauta ta kawo wa Iya Inde kunu ta same ta kwance kan tabarma, fuskarta a sake, ta riga ta tafi. Liman ya ce wa'adi ne ya cika. Tsofaffin ƙauye suka ce a'a, ciniki ta yi kuma an karɓa. Kyauta ba ta shiga gardamar ba. Ta dai san mahaifinta na nan da ransa, yana fita su, kuma duk wanda ya zo gaisuwa ya tambayi gidan, ba a cewa gidan baƙo.

Cewa ake, gidan Abarshi ɗan Inde.