Karnukan Tsohuwar Tafki

Rana ta yi ja sa'ad da Zayyanu ya jingine babur ɗinsa a bakin wani tafki da ke bayan Lambara. Daga Bodinga ya taso, shi kaɗai kamar kullum. Wa zai raka mutumin da sana'arsa cika kwalba da ruwan ɗoyi?

Karatunsa a jami'a kan ƙwayoyin bakteriya ne, waɗanda ido ba ya gani. A cikinsu akwai mafarauta masu cinye 'yan'uwansu, kamar yadda kyanwa ke rage ɓeraye a rumbu. Da, iri-iri ne a tafkin. Sai masu albasa suka dage da takin zamani, ruwan sama yana wanko shi, har buhunan ma a nan ake ɗauraye su. Ruwa ya ƙoshi, gansakuka ta rufe shi, mafarautan suka yi ta ɓacewa. Iri ɗaya ya rage, a wani lungu ƙarƙashin tsamiya. Su ya zo ɗiba ya raya a ɗakin gwaji, don in suka ƙare, aikinsa ya bi ruwa.

Mutanen wurin suna da al'ada: wanda ya ɗebi ruwan lungun nan, ɗiban farko yakan mayar, rabon masu wuri ne. Shi kuwa a makaranta an koya masa ya ɗauraye kwalba ya zubar a tudu, kada ya dama ruwan. Abin da ya yi ke nan. Ya sake cikawa, ya toshe.

Kwaɗi suka yi tsit.

Wari ya taso, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Sai ya ji tari a bayansa, tari mai ruwa-ruwa.

Wata tsohuwa ce zaune a saiwar tsamiyar, ƙafafunta cikin tafki. Zanenta jiƙe yake sharkaf. Gansakuka ta fito mata a gira da gefen baki.

"Ɗan nan," in ji ta a hankali, "mi kaz zuba ƙasa?"

"Ɗauraya ce, Inna."

"Rabona na. Bar shi, na yafe." Ta miƙo hannu. "Amma ba ni karnukana."

Zayyanu ya waiga. Ba kare ko ɗaya.

"Ga su nan cikin kwalba. Da suna da yawa, su ka tsare min gida. Kunka cika ni da abinci har nir ruɓe. Su ɗai sunka rage min."

Ya dubi kwalbar. "In na bar su, mutuwa za su yi, Inna. Zan dawo da su."

"In ka tai da su, da wa za ni kwana?"

Tausayi ya kama shi, don ya san kwanan kaɗaici. Amma ya ƙanƙame kwalbar.

Ta miƙe. Ruwan bai motsa ba.

Ta yi ta miƙewa.

Kanta ya taɓa reshen tsamiya, ƙafafunta ba su gama fitowa ba.

Ya ja da baya, laka ta riƙe takalminsa. Ya zare ƙafa ya bar shi. Wani abu mai sanyi da santsi ya shafi ƙeyarsa. Ya faɗa kan babur yana Ayatul Kursiyyu, harshe na sarƙewa. Ya buga, ya ƙi. Ya sake bugawa, ya tashi.

A bayansa ba ihu ya ji ba. Fito ne siriri, irin na mai kiran kare, har ya hau kwalta.

Ya yi jinyar zazzaɓi, ya warke. Mafarautan kuwa suka rayu a ɗakin gwaji, suka hayayyafa. Bayan damina ya cika jarka da su ya koma.

Lungun ya zama kore shar kamar sauran tafkin. Tsamiyar ta zubar da ganye. Ya durƙusa ya tuttule jarkar.

"Inna, ga su na kawo."

Kwaɗi suka ci gaba da kukansu. Ya zauna a saiwar yana jira, har aka kira magariba a Lambara, har aka idar. Ba wanda ya zo karɓa.